Takardar yabon da Hausa ta samo min a Jidda

Jiya muna kwashe kaya za mu koma unguwar Safa, sai ga wata tsohuwar takarda a ƙasan akwatina.

Ina sakandare a unguwar Bagdadiyya ta Jidda a shekarun saba'in, Larabci zalla nake yi, ina ɓoye Hausata don gudun tsokana. Lokacin Hajji aka kai mu tashar jirgin ruwa mu taimaki alhazai. Wata tsohuwa ta ɓata tana kuka, ba mai jin maganarta. Da na ji Hausa take yi, na kasa daurewa, na ce, "Inna, kwantar da hankalinki." Ta riƙe hannuna gam har muka gano mutanenta.

Bayan hutu shugaban makaranta ya miƙa min wannan takardar yabo a gaban ɗalibai, ya ce, "Ashe harshe biyu gare ka, ka ɓoye mana ɗaya?"

Tun ranar ban ƙara rage murya ba in ina Hausa.

Ku fa, kun taɓa jin kunyar harshen gidanku?