Abin da Ke Cikin Rijiyar Adda Jebbu

Jama'a, yau na gano abin da ke cinye min agwagi!

Famfo ya ɗauke a unguwarmu ta Majidaɗi, na ɗauki guga na shiga gidan maƙwabciyata Adda Jebbu. Tun kafin a ba mu jiha muke ɗiban ruwa a rijiyarsu, amma daga damina suka rufe ta da kwano, wai ruwan ya ɓaci. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga kwanon.

Idanu biyu suna kallona! Kada ne, wallahi, ga gashin agwagwata yana yawo a kan ruwan!

Na ƙwalla ihu. Adda Jebbu ta fito a guje.

"Maman Ummi, rage murya, za ki firgita shi!"

"Ni zan firgita shi?"

Mijinta, mai fataucin kifi, ya leƙo. Ya ce daga bakin kogi a garin Lau ya kawo shi, wai ɗan dodon tafki ne, rijiyar da yake ciki ba ta ƙafewa.

Na ce, "Agwagina fa?"

Ko kunya babu, ta ce, "Ai kifi ya gundure shi."

Gundura! A tsakar gidan nan nake barin Ummi tana rarrafe in zan je kasuwa!

Suka hau roƙona in rufa musu asiri. Na ce asiri ya rufu, mai unguwa kaɗai zan faɗa wa. Daga bakin ƙofarsu na fara kiransa.