Ranar da Sarjan Ya Sa Aka Kashe Grup

Aikina sa wa majinyaci barci kafin a yi masa fiɗa, kuma na koye shi a zamanin da ake koyarwa da tsanani. Malamanmu ba sa barin ɗalibi ya kusanci mara lafiya sai ya iya kwance na'ura ya mayar da ita, ya kuma faɗi aikin kowane bututu ba tare da ya leƙa littafi ba. Da wannan tarbiyya aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Tasawa, a shekarun fari, lokacin da mulki ke hannun soja. Kumandan na wurin shi ne alƙali, shi ne mai rabon hatsin taimako, kuma ko ɗigon gazuwal, wato man dizal, ba ya fita sai da saninsa.

Wajibi ne in bayyana na'urar tukuna, domin wanda bai san ta ba ba zai gane abin da ya faru ba. Iskar da take ba majinyaci daga tukunyar ƙarfe take fitowa da ƙarfin kanta, ba ruwanta da wuta. Aikin wuta shi ne motsa wani zugazugi da ke tura iskar cikin huhu. Wutar kuwa tana zuwa ne daga grup, injin gazuwal da ke wani ɗaki a bayan asibiti. Idan grup ya tsaya, na'urar ta koma kan batir da ke cikin akwatinta na ƙasa, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. A gefenta akwai ɗan hannun ƙarfe da ake juyawa. Idan ka kai shi sama, na'ura ce ke yi wa mutum numfashi. Idan ka kai shi tsakiya, kai ne za ka yi masa, ta hanyar matsa wani baƙin balo na roba. Idan ka saukar da shi ƙasa, ka bar mutum ya ja da kansa. Amma wanda za a buɗe wa ciki ana yi masa allurar da ke sake dukan naman jiki, har ƙirjin da ke jan numfashi. Irin wannan mutum ba a saukar masa da hannun ƙarfe ƙasa sai allurar ta fita daga jininsa.

Batir ɗin ne aka fara raba mu da shi. Wani kamyon hatsi, babbar motar kaya, ya mutu a hanyar Mayahi, aka zagaya gari ana neman batir, wani ya tuna da namu. Na sa rigata mai tsabta na tafi biron kumandan, wato ofishinsa, na yi masa bayani da Faransanci mai kyau, irin wanda ba a jin kamarsa a barikinsa. Ya saurare ni har ƙarshe, sa'an nan ya tambaye ni ko na taɓa ganin na'ura ta ji yunwa. Washegari aka kawo mana mataccen batir ɗin kamyon, aka ce mu riƙe. Na sa shi a akwatin don kada ɓera ya yi gida a wurin. Daga ranar, ran duk wanda ya hau teburinmu ya rataya a kan grup da hannuna.

Mutumin da nake son ba da labarinsa manomi ne daga wani ƙauye wajen Maijirgi. An kawo shi da hantsi a kan amalanke, ƙanensa na jan jakin yana kuka. A filin rabon hatsi abin ya faru. Mahaifiyarsa ta fita daga layi don ta zauna a inuwa, wani soja ya zuba mata bulala a baya, shi kuwa ya ɗaga ƙwaryar awo ya fasa ta a fuskar sojan. Sauran sojojin suka kayar da shi suka bi shi da takalma. Da na yage rigarsa na ga shatin ƙusoshin takalmi jere a haƙarƙarinsa na hagu, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, leɓunansa sun yi fari. Yunwa ta riga ta cinye shi, ba shi da jinin da zai yi asara. Likita ya danna cikin sau ɗaya ya ce saifa ce ta fashe, babban asibitin Maraɗi kuma ya yi nisa.

Mu uku ne a ɗakin fiɗa: likita, da majo, wato shugabar masu jinya, dattijuwa ce mai kaifin baki, sai ni a wajen kan majinyaci. Na sa masa barci, na yi masa allurar sakin jiki, na zura bututu a maƙogwaronsa, na kai hannun ƙarfe sama. Zugazugi ya kama hawa da sauka. Likita ya tsaga ciki, jini ya taso ya cika shi har ya zubo a ƙasa, majo ta tura hannayenta duka biyu ta danne jijiyar da ke tsiyaya.

A nan ne aka fara dukan ƙofa, ana kiran likita.

"Lokotoro! A buɗe! Sarjan ne, kumandan ya aiko ni!"

Majo ta ɗaga murya ba ta ɗaga kai ba. "Sarjan, ko kumandan ne da kansa sai ya jira. Cikin mutum a buɗe yake."

"Ku rufe shi ku ba ni! Da ransa aka ce in kai shi, gobe a gaban jama'a za a zane shi a filin rabo. Ku ba ni shi ko in fitar da ku!"

Muka ci gaba da aikinmu. Muka ji takunsa ya yi nisa, har na ɗauka ya haƙura.

Sojojin garin suna da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Idan suna so su watse taro, na biki ne ko na masu sauraron rediyo a kanti, ba sa ɓata bakinsu, sai su kashe injin wuta, mutane su fito da kansu. Abin da sarjan ya sani ke nan, kuma shi ya yi mana. Daga baya na ji cewa mai kula da grup ya ƙi kashewa, aka fasa masa baki, wani soja ya sa wuƙar bindiga ya datse bututun gazuwal.

Ƙugin grup ya yi ƙasa, ya tsaya. Fitilar da ke bisa tebur ta mutu. Injin tsotse jini ya yi shiru. Zugazugi ya sauka bai sake tashi ba. Kafin likita ya buɗe baki na riga na juya hannun ƙarfe tsakiya, na kama balo da hannun dama, na matsa, na ga ƙirjin manomi ya tashi. Da hagu na miƙa na ture tagar katako da ke bayana, hasken rana ya faɗo a kan cikin.

"Malam, muna da shi?" in ji likita.

"Muna da shi, likita. Ka yi aikinka."

Sai ƙofa ta ɓalle daga ƙusoshinta. Sarjan ya shigo da soja ɗaya a bayansa, da takalmansu, da ƙurarsu, da bindiga. Gajere ne mai kauri, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi tebur, ya ga hanjin mutum a waje a naɗe cikin tsumma, ya ɗan ja baya, sa'an nan ya juyo kaina, domin ni kaɗai ne hannuna ba ya cikin jini.

"Kai ne mai sa barci? To tashe shi."

"Sarjan, ba barcin tabarma yake yi ba. Ba ya iya numfashi da kansa. Wannan da nake matsawa shi ne numfashinsa."

"Ji shi! Yana wasa da balo kamar ɗan lakwal a filin makaranta, yana yi mini karatu. Na ce ka tashe shi!"

"Ba zan iya ba, kuma ko da zan iya ba zan yi ba."

Ya zare ɗamararsa. Ƙarfen bakinta ya same ni a kunci, na ji haƙori ya karye, bakina ya cika da jini. Na haɗiye, na matsa balo. Ya sake zubo mini a wuya, ya sake a kunne, har na daina jin komi ta wannan gefe sai ƙara. Majo tana zaginsa da uwa da uba, tana kiransa ɗan da uwarsa ba ta yi wankan jego ba, amma hannayenta ba su motsa daga jijiyar ba. Ni kuwa ban dube shi ba ko sau ɗaya. Ƙirjin manomi nake kallo, ina matsawa, ina saki. Ina tsammanin wannan ne ya fi ƙona masa rai, domin mutum ne da ya saba a kare fuska idan ya ɗaga hannu.

Ya fizge bindiga daga hannun sojansa, ya ɗaga gindinta, ya sauke a kan hannuna na dama inda yake jingine da ƙarfen na'ura. Na ji ƙasusuwan yatsuna sun ruguje. Sojan ya kama wuyan rigata ya ja ni baya, ƙafata ta harɗe bututu, mahaɗin da ke tsakanin bututun na'ura da na maƙogwaro ya tsage. Iska ta kama fita da shewa. Na ƙwace, na faɗa a kan gwiwoyina, na damƙe tsagar da hannun hagu har shewar ta tsaya. Na ɗaga na dama don in kama balo, yatsun suka ƙi rufuwa. Biyu daga cikinsu sun juya inda yatsa ba ya juyawa.

Balo ya cika ya tsaya yana lilo, ba mai matsa shi.

"Malam, jini ya fara baƙi," in ji likita, da murya ƙasa ƙasa.

Na tofar da abin da ke bakina na ce, "Sarjan, da ransa aka ce ka kai shi. Ga shi yana mutuwa, kuma kai ka kashe wuta, kai ka karya hannun. Mu uku mun gani. Idan kana so ka koma wa kumandan da gawa, ka tsaya yadda kake."

Ya daka wa sojansa tsawa ya je a tada grup. Sojan ya ce, "Sarjan, ai na yanke tiyo." Sarjan ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗi cikin jinin da ke ƙasa.

"Aje bindigar ka kama balon nan," na ce masa.

Ya dube ni kamar zai ƙarasa ni. Sa'an nan ya jingine bindiga da bango, ya kama balo da hannu biyu, ya matse shi da dukan ƙarfinsa kamar mai shaƙe kaza.

"A hankali! Huhu ne, za ka fasa shi! Hannu ɗaya, rabi kawai, ka saki. Ka bi numfashinka, idan ka ja ka matsa."

Wannan umarni bai yi amfani ba, domin haki yake kamar wanda ya yi gudu, sai ya kama matsawa da sauri ba ya barin ƙirjin ya sauka. Majo ta ce, "Kai, ba nonon akuya kake tatsa ba!" Dole na koma ba shi umarni da baki, irin yadda ake ba su a bariki. In ce matsa, ya matsa. In ce saki, ya saki. Ina durƙushe a gabansa, jini na bin haɓata, hannu ɗaya a kan tsaga, ɗayan a rataye, shi kuwa yana tsaye a kaina yana bin maganata. Da ya yi kuskure nakan tsawata masa, kuma ban rage murya ba.

"Ya fara ja," in ji likita. Jinin yake nufi.

Ya ɗaure jijiya, ya ciro saifar a farfashe ya jefa a tasa. Majo ta sami hannu, ta kwashe jinin ciki da tsumma tana matsewa a bokiti, tun da injin tsotsa ya mutu. Da ta gama ta zo ta naɗe tsagar da filasta, na sami hannun hagu. Ban karɓi balon ba. Na duba bugun jini a wuyan manomi, na rage maganin barci, na bar sarjan a inda yake. Hannunsa ya gaji, ya canja zuwa ɗayan, ya sake canjawa. Ya tambaye ni ko saura da yawa, na ce masa saura. Aka kira azahar a masallacin kasuwa yana matsawa, likita ya ɗinke ciki yana matsawa.

Rana ta karkata sa'ad da sarjan ya yi tsalle ya saki balon.

"Yana motsi! Wallahi abin nan yana motsi da kansa!"

Na duba. Balo ya ɗan lotsa, ya cika, ya sake lotsawa. Allurar ta fara fita. Na jira har jan ya yi ƙarfi ya daidaita, sa'an nan na sa hannun hagu na saukar da hannun ƙarfe ƙasa.

"Numfashinsa ne," na ce. "Ka iya tafiya."

Bai tafi ba. Ya goge tafinsa a wando, ya ɗauki bindiga, ya aika aka kawo sarƙa. Kafin manomi ya buɗe ido an ɗaure ƙafarsa da ƙarfen gado, soja na zaune a bakin ƙofa. Likita ya je wurin kumandan ya ce idan aka zane mutumin ɗinkin zai fashe a gaban jama'a, a kan wannan kaɗai aka fasa bulalar. Aka bar mana shi har ya fara shan kunu yana zama da kansa, sa'an nan suka zo da kamyo suka tafi da shi gidan kaso, zaren ɗinki na jikinsa.

Likita ya ɗaure mini yatsu da itace, biyu suka warke a karkace, na ƙarasa shekarun aikina ina matsa balo da hagu. Bayan damina ta biyu ƙanen manomin ya tare ni a kasuwar Tasawa, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce an sako wansa, ya rame ƙwarai, ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi, amma ya yi shuka a bana, kuma shi wan ne ya binne mahaifiyarsu da hannunsa.