Safa a Hannun Hagu

Duk Akokan cewa ake ƙurar ma'adini ce ta shanye wa ɗiyata hannu. Ba haka ba ne. Kwana biyu na yi ina naƙuda, ta fito ba kuka, ƙwaƙwalwarta ta taɓu, hannun dama ya dunƙule. Abin da ya same ta daga baya kuwa, mu muka yi mata shi a cikin gida.

Ƴar fari ce, don haka tun yaye Inna, uwar mijina, ta ɗauke ta. Ni sai kallo daga nesa, wai kunya. Mijina kuwa tun da aka rufe ramin Akokan ya tafi haƙar zinariya, sai dai waya.

Duk Talata nakan hau kabu-kabu da ita zuwa Arlit, wurin wata madam mai koya wa irin waɗannan yara amfani da gaɓoɓinsu. Ba allura, ba ƙwaya. Tabarma ce, da murafan kwalba, da kwano cike da yashi. Takan sa wa yarinyar safa a hannun hagu, mai lafiyar, ta binne murfi a yashi ta ce su nema. Minti ashirin, ta cire. Ranar da yatsun dama suka buɗe suka ciro jan murfi, ɗiyata ta yi dariya har da shaƙuwa.

Wautata, sai na ba da labari a gida.

"To madalla," in ji Inna. "Ashe masu boko ma sun san hagu ba hannun cin tuwo ba ne. Ina bugun hannun nan kina kumbura mini baki."

"Inna, wasa ne fa. Na ɗan lokaci."

"Wasa ne magani? Ke kin yi karatun lakwal, ni na raini ƴaƴa tara."

Washegari ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaure hagun a ƙugun yarinyar, daga hantsi har magariba. A ajiye mata tuwo, ta yi ta dungurin kwanon da dunƙulallen hannu har ya kife. Kwana uku tana ihu. Ran na huɗu ta yi shiru. Maƙwabta suka ce ta yi hankali. Ni shirun nan ne ya fi tsorata ni. Ko an kwance ta, hagun yana nan manne a ƙugu.

Da Talata ta zo, madam ta binne murfi, ɗiyata ta juya ta kalli bango. Da madam ta ɗauko safa, yarinyar ta fara rawar jiki. Madam ta kama wuyan hannun, ta ga sawun ɗauri.

"Wa ke mata wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Ƙanwata, yaron da ya daina miƙa hannu, da wuya yake komawa. Kuma ƙarshen wata zan bar garin nan. Ba a turo kowa a madadina ba."

A kan babur tana jingine da ƙirjina, ba ta riƙe rigata ba kamar da. Kafin mu kai gida na gama shawara. Gobe in Inna ta ɗauko tsumman, zan karɓe shi a gabanta, in kwashe kayan yarinyar zuwa ɗakina, ta kira ɗanta ta gaya masa duk abin da ta ga dama. Kwanakin da suka rage wa madam kuma, kullum ina tabarmarta, sai ta koya mini wasan nan.