Langar Safiyar Talata

A shekarar da aka ba ni aji huɗu a wata lekol, wato makarantar boko, da ke bakin garin Matameye, saura kaɗan a ƙwace wa yarana lokacin motsa jiki. Safiyar Talata muke fita fili. Ajin cike yake maƙil, balo kuwa, wato ƙwallo, ɗaya muke da ita, ita ma ta sha faci. Yadda aka koya mana muke yi: a ja layi biyu, yaro ɗaya ya ruga ya taɓa katanga ya dawo, sannan na bayansa. Kafin layi ya zo kanka rana ta yi zafi. Sauran suna tsaye, wannan ya mintsini wancan, wancan ya rama, 'yan mata kuma su sulale gindin bishiyar bedi su baje zane suna carafke. Ni kaɗai ce nake haɗa gumi, shi ma don tsawa.

Wata Litinin direkta ya kira ni ofis. Dattijo ne mutumin Yauri, mai tumbi, wanda ko tafiya yake yi sai ka ce yana tsoron ƙasa ta ji ciwo.

"Madam," ya ce, "na daɗe ina kallonku ta taga. Wannan ba wasanni ba ne, tsayuwa ce. Daga mako mai zuwa a mayar da lokacin na dikte, wato shifta, yaran nan rubutunsu ya lalace."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaran da ke wuni a takure kan benci, gwiwa na gugar gwiwa, a hana su ɗan lokacin da suke miƙe ƙafa? Na haɗiye abin da ya zo min baki, don na san halin bakina.

"Mushe, ka bar min gobe kawai," na ce, don haka muke kiran malamai maza. "In ka ga yaro ɗaya a tsaye, ka ɗauke."

Ya ce ya ji.

Washegari ko balon ban ɗauko ba. Na tara yaran na ce yau langa za a yi. Suka dube ni kamar na zare, don a wurinsu langa wasan dandali ne, ba a shigo da ita lekol. Na raba su ƙungiya-ƙungiya, maza gefe, mata gefe, kowace ƙungiya ta zaɓi ruwanta, wato wanda za a kare har ya kai gida. Na ce wa 'yan mata su ci ɗamara da kallabi kamar za su yi daka. Amma na san inda langa take da matsala. Wanda aka ture ya saki ƙafa ya mutu, sai ya koma gefe ya zauna, kan ka ce me rabin aji na zaune. Don haka na sa doka tawa: wanda ya faɗi ya tashi ya zagaya bedin can da gudu, ya dawo ya kama ƙafarsa ya sake shiga.

Na busa usur. Wayyo, fili ya kaure! Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle, kafaɗa na dukan kafaɗa, masu faɗuwa na ta kwasar gudu zuwa bedi suna dariya. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta kayar da mutum uku a jere tana ihu. Daɗi ya kama ni har na manta da taga.

Sai ga direkta ya fito, yana sauri irin wanda ban taɓa gani ba.

"Madam! Wace irin langa ce wannan? Wanda aka kashe ai ya mutu, ya za a yi ya dawo? Kuma dubi yadda wancan ya kama ƙafa, da hannun gefen ƙafar! Kai, da ɗaya hannun ake kamawa!"

Ashe ba hayaniyar ce ta dame shi ba. A ƙauyensu, da ƙuruciya, shi ne ruwan da ba a taɓa kashewa ba, haka ya gaya mana yana cire takalmi. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya kai hannun hagu baya ya cafke ƙafar dama. Ya yi tsalle, ya ƙara, tumbi na rawa, yana nuna wa maza yadda ake goce wa abokin karo. Da ya kai wa wani ɗan ƙaramin yaro karo, sai yaron ya goce masa kamar yadda ya koyar. Direkta ya tafi luu, ya zube a yashi.

Yara suka saki ƙafafu, wanda ya goce ɗin ya fara hawaye. Ni ma na ce shi ke nan, dikte ta ci mu.

Direkta ya zauna yana haki, yana kakkaɓe gemu. Can daga cikin 'yan mata wata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mushe, sai ka zagaya bedi." Na rufe ido.

Dariyar direkta na ji. Ya miƙe, ya tattare rigarsa, ya nufi bedin da gudu, aji gaba ɗaya suka mara masa baya suna sowa. Malaman sauran azuzuwa suka leƙo, ɗalibansu na turereniya a bakin taga. Ni kuwa na yi guɗa a tsakiyar filin lekol, ban ji kunyar kowa ba.

Da ya dawo ya dafa gwiwa yana mayar da numfashi. Sannan ya ɗago, gumi na zuba masa har wuya.

"Madam, Talatarki tana nan, ba mai taɓa ta. Amma 'yan aji biyar ma ki haɗa da su, kin ga yadda suke leƙe. Kuma a samo min ruwa, don Allah."