Dattijon da Ke Yi wa Kaboyi Faɗa

Wani dattijo ne tsaye da kekensa a ƙofar shagon askin Ɗayyabu a Kabara, ya ƙura wa talabijin ɗin shagon ido. An dawo da fim ɗin kaboyi na da, jarumin ya yi furfura da tumbi.

"Bayanka!" dattijon ke kwaɗa masa kira. Aka harbe malafar jarumin. "Har kunnen ya tafi! Da can a silima, da mun yi ihu yake waiwayowa."

Ɗayyabu ya tabbata dattijon nan ya sha bulala a kan zuwa silima yana yaro.

Da aka tallafa wa jarumin ya hau doki, dattijon ya ja tsaki. "Malam, kashe. Kada a tona masa asiri."

Sannan ya tura kekensa bakin dakali, ya waiga ko ana kallo, ya taka ya hau.