Fid-da-Sartsen Dubai da Lallen Amarya

Ba na son jira, kuma na tsani a ce mini "bari mu gani". Yayata ta fi kowa sanin haka, don ita ta ɗauko ni daga Kano bayan na gama sakandare, ta kawo ni Dubai in riƙa taya ta aiki. Aikin kuwa yawon kasuwar Naif ne. Mu shiga wannan lungu mu ɓulla wancan, mu ɗauki hoton jaka da takalmi da abaya mu tura wa matan Kano, su ce a canza launi, mu koma. Da yamma mu hau bas mu dawo unguwarmu International City da kumburarriyar ƙafa, mu zauna cusa kaya a kwali don kago.

Ni ba wannan na iya ba. Lalle na iya. Tun ina aji uku nake yi wa 'yan makarantarmu zane a bayan aji, baƙi da ja, kuma hannuna ba ya rawa. Amma wa ya san ni a Dubai? Matanmu duk shagunan 'yan Sudan da Indiyawa suke zuwa. Sai na mayar da hannun haguna allon talla. Kullum a zane yake, in na riƙe ƙarfen bas ko na miƙa leda, mai ido ya gani.

Wata Hajiya ce ta gani, 'yar Damagaram, mai shagon turare a Naif. Babbar mace ce, ba ta ɗaga murya, tana magana tana jefa Faransanci jefi-jefi. Ko sallama ba ta yi ba ta kama hannuna, ta juya shi gaba da baya kamar mai duba atamfa. Ta tambayi wanda ya yi, na ce ni. Ta ce 'yarta za ta yi aure, a gida za a ɗaura amma a nan za a yi biki, kuma lalle irin na gida take so, a baje a tabarma a sha hira, ba a jera mutane a kujerar shago ba. In ina da wuri, amarya tawa ce.

Kafin ta rufe baki na ce ina da wuri.

Fulat ɗin yayata a ƙasa yake, yana da ɗan fili ta baya da katanga iya ƙirji. Falo ba a maganarsa, kwalaye ne har rufi. Filin kuma wani itace ya cinye shi, wanda ya zauna kafin mu ya dasa ya tafi ya bar mana. Ba shi da ganye, sai koren rassa sirara kamar fensir, sun cunkushe sun fi ni tsawo. Lokacin sanyinsu ne, ana iya zama a waje, don haka itacen nan kaɗai ne tsakanina da amarya.

Mijin yayata a Ras Al Khor yake aiki, a wani sito na kayan mota. Akwai wasa tsakaninmu, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Da na faɗi abin da nake shirin yi, ya ce in bari sai Lahadi, zai zo da safar hannu da zarto, don ya ji an ce itacen nan ba a taɓa shi da hannu. Na yi masa dariya. Na ce wannan ai fid-da-sartse ne, yana nan a bayan ɗakin kakarmu. In ƙaya ta shige mana a ƙafa, reshe take karyowa ta ɗiga mana farin ruwan a wurin, kafin gobe ƙayar ta fito. Abin da yake magani ne za a sa wa safa?

Ya ce, "To, likita. Ni dai na ce ki jira."

Washegari na ce wa yayata ta tafi Naif ita kaɗai, yau ranar shara ce. Na ɗaura zani, na naɗe hannun riga, na ɗauko wuƙar nama. Ashe ma ba sai da wuƙa ba, rassan karyewa suke ƙas-ƙas kamar taliya. Farin ruwa kamar nono ya riƙa tsiyaya, ya cika mini yatsu, ya gangara har gwiwar hannu yana danƙo. Rungumo rassan nake ina jibgewa a kusurwa, da niyyar in sun bushe in cinna musu wuta, yadda ake yi wa shara a gida. Gumi ya zubo, na share goshi da bayan hannu. Kafin la'asar na ci rabin filin, ina tsaye ina jin kaina.

Har yau ban sani ba ko itacen kakarmu ne ko ɗan'uwansa ne. Abin da na sani, ita ɗigo ɗaya take sa wa, kuma ba ta taɓa barin yaro ya karyo da kansa ba. Ni kuwa wanka na yi da shi.

Ya fara kamar na yanka attarugu ban wanke hannu ba. Kafin magariba fatar ta yi ja, tana zafi tana ƙaiƙayi lokaci ɗaya. Yayata ta dawo ta same ni tsaye a gaban esi na ɗaga hannuwa sama kamar wadda 'yan sanda suka tare. Ba ta tsaya tambaya ba ta ɗauko man kaɗanya. A gidanmu babu ciwon da man kaɗanya ba ya yi wa, daga kaushi har targaɗe. Ta lakato ta murza mini tun daga wuyan hannu har kafaɗa, da ƙarfi, tana faɗa tana murzawa. Wurin da ruwan itacen bai kai ba, ita ta kai shi. Can sai ta tsaya ta dubi tafin hannunta, ta ce ita ma fa tana jin wani abu.

Muka kira Inna a Kano. Ta ce a shafa toka, yadda ake yi in karara ta taɓa mutum. Ina za a samu toka a gidan da ko ashana sai an nema? Yayata ta kankaro ta kaskon turaren wuta ta barbaɗa mini a kan man. Na zauna ina ƙamshin amare, ina ci da wuta.

A haka mijin yayata ya shigo. Ya dube ni, ya leƙa fili, ya ɗauki hoton itacen a waya ya ce yalla, mu tafi kemis. Matar da ke wurin 'yar Filifin ce. Tana ganin hoton, abin da ta fara tambaya shi ne ko ya shiga ido, don in ya shiga ba wurinta za mu tsaya ba, asibiti za mu wuce. Na ce goshi kawai. Ta ce in je in wanke man nan da tokar tas da sabulu da ruwan sanyi mai yawa, in sake wankewa, kayan da na sa kuma a wanke su daban. Kada in sosa, in ƙuraje sun fito kada in fasa, in riƙa ɗora tsumma mai sanyi. Ta ba ni wani ruwan shafawa mai launin hoda da ƙwayar ƙaiƙayi mai sa barci. Na tambaye ta ko in rassan sun bushe za a iya ƙonawa. Ta zaro ido ta ce hayaƙin ma cuta ne. Mijin yayata ya ƙara da cewa ko ba cuta ba ne, in na kunna wuta a bayan gidan haya a garin nan, motar kashe gobara da mai gida tare za su iso.

Sai da muka shiga mota ya waiwayo. "Likita, ya jikin?"

Na juya fuska wajen taga.

Da safe ƙuraje masu ruwa sun jeru a hannuwana, goshina ya yi wani kumburarren layi daidai inda na share gumi. Ruwan shafawar in ya bushe fari yake komawa, sai na zama kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Zanen da nake taƙama da shi yana ƙasa, ya dame. Yayata ta ce in kira Hajiya in gaya mata gaskiya. Na ce kafin ranar lalle ya warke, me zai sa in tayar mata da hankali?

Ba a kai ranar ba. Hajiya ta zo da kanta ganin wuri, ba sanarwa, amarya na biye da ita. Na zura dogon hijabi na ja shi har gira, na gaishe su hannuwana a ciki. Aka kawo shayi, yayata ce ta miƙa. Hajiya ta lura.

"'Yata, miƙo hannun nan amarya ta ga aikinki."

Na miƙa. Amarya ta ja da baya har ta bugi kwali. Hajiya ba ta motsa ba, ta tambaya a hankali ko ƙazuwa ce. Raina ya ɓaci. Na ce ba ƙazuwa ba ce, ba ya yaɗuwa, ta taso in nuna mata mai laifin. Ta tsaya a bakin ƙofar baya tana kallon tarin rassan da rabin itacen da ya rage.

"Wannan kika karya da hannu? A garinmu ko akuya kewaye shi take."

Na ce saboda 'yarta na yi. Ta ce ta gani, ta kuma yarda ba ya yaɗuwa, amma dangin ango za su zo, za a yi ta ɗaukar hoto, hannun nan ba zai hau jikin amarya ba. Na ce yatsuna lafiya lau suke. Ba ta yi musu ba, ta ce in gwada. Na ɗauko ledar zanen lalle na yagi murfin kwali in zana a kai. Yatsun sun kumbura, ba sa lanƙwasuwa, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Na sake, ya fi na farko muni. Yayata ta kawar da kai.

Hajiya ta ce, "Bon. Amarya sai ta tafi wajen 'yar Sudan."

Amma ba ta tafi ba. Ta ce wurin ya yi mata. Yayyenta da gwaggonnin amarya suna tafe daga Damagaram da Maraɗi, su kuma ba ruwansu da fulawoyi, ƙunshi suke so, jan lalle a tafin ƙafa, a manna salatif a ɗaure da leda a zauna. 'Yan shago ba su da haƙurin wannan. Shi kuma dama da safa ake kwaɓa shi a shafa. In an gyara filin, tsofaffin nawa ne.

Na zo neman amarya an ba ni dugadugan tsofaffi. Na buɗe baki in faɗi haka, yayata ta mintsine ni a cinya. Na ce to.

Ranar Lahadi mijin yayata ya fito cikin tsohuwar rigar aikin gareji, da safar roba har gwiwar hannu, da gilashin masu walda. Na ce masa ya yi kama da wanda za a harba duniyar wata. Ya ce gara shi da wadda aka tsamo daga fulawa. Da farko ta taga aka ce in tsaya, amma ban iya kallon yadda yake yanka reshe ɗaya ya tsaya ya duba ba, na sa ɗaya safar na fito riƙon leda. Da zarto ya bi gindin, sannan ya haƙe saiwar da shebur. Duk guntun da ya faɗi sai da muka tsince, don ya ce ko ɗan yatsa aka bari a ƙasa zai kama. Muka zuba a baƙaƙen ledoji, leda cikin leda, muka ɗaure. Daɓen da katangar da zarton da safar duk sai da aka wanke da ruwan sabulu. Aikin da na ce na yini ɗaya ne da hannu, ya ci mana yini ɗaya da kayan aiki, mu uku.

Ranar lalle ƙurajen sun bushe, sun fara ɓawo. Na sa riga mai dogon hannu da siririyar safa. Tsofaffi suka baje a tabarma, ƙafafu a miƙe, butar shayi na zagayawa. Hajiya ta riga ta ba su labari, don haka ban samu suna ba sai "mai kokawa da itace". Wata gwaggo mai haƙorin Makka ta ce in an tashi yin shinge a gonarta ni za ta aika wa. Na ce ta miƙo ƙafa kafin lallen ya bushe, kaushin nan nata sai ya sha kwano guda shi kaɗai. Aka kwashe da dariya, ta ce yarinyar nan ba ta da kunya, ta miƙo.

Almakashi bai fi ƙarfin yatsuna ba. Maimakon in manna salatif a miƙe yadda aka saba, na riƙa yanka shi ƙanana, dala-dala da taurari, ina jerawa a gefen ƙafa. Da aka kwance ledar farko aka wanke, jan ya kama har ya yi duhu, zanen ya fito fes. Suka riƙa ɗaga ƙafa suna nuna wa juna.

Ana cikin haka aka dawo da amarya daga shago, hannuwa a sama don kada zanen ya goge. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana kallon ƙafar gwaggonta, sannan ta raɗa wa uwarta magana. Hajiya ta dubi safar hannuna, ta dubi fuskata.

"Ƙafa kawai," ta ce.

Na jawo kwanon lalle kafin ta canza shawara.

Yanzu in an ce ƙunshi a tsakanin matan Nijar na nan, ni ake nema, zanen amare kuwa sai jefi-jefi. Akwai ɗan tabo a wuyan hannuna na dama, ina rufe shi da fure. Kwanaki ina shanya na hango wani ɗan koren tsiro kamar fensir a gindin katanga. Mijin yayata ya ce in bari sai Lahadi. Na shiga na ɗauko safar da leda biyu, kafin ya gama shan shayinsa na tumɓuke shi.