Wuri bakwai a tankin jatan lande

Sati uku ina auna ruwan tankin gilashin da nake kiwon jatan lande. Kalsiyam ya haura daga shida zuwa sha ɗaya, jatan lande biyu sun mutu. Na bar ruwan rijiyarmu, na koma ruwan sama, kalsiyam bai sauka ba.

Jiya na tona yashin tankin, sai ga wuri bakwai. Wuri kuwa a hankali yake narkewa, yana sakin kalsiyam.

"Inna, wa ya sa wannan?"

Kakata ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni na sa. Kowa sai ya yaba, babu mai cewa masha Allah. Baki ke kashe su, ɗan boko."

Na kwashe wurin bakwai ɗin, na liƙa takarda a gilashin: "A ce masha Allah."

Ku me kakanninku suka taɓa gyara muku haka?